Sabuwar Lauya Da Dillalin Aiki

 Maganarmu ta yau a kan yarinyar da ta gama karatun lauya ce, an rantsar da ita, ta yi bautar ƙasa, ga takardu a hannu, sa'an nan ta tsaya tana cewa, "To, yanzu ina zan nufa?" A zamanin nan akwai waɗansu mutane da ba su da wata sana'a sai nemo wa ofisoshin lauyoyi da manyan kamfanoni ma'aikata. Dillalan aiki ke nan, yara da yawa kuwa wurinsu su ke zuwa neman shawara. Shin ya kamata a je? In an je, me za a tambaye su, me kuma za a kai wani wuri dabam? Abin da za mu duba ke nan.

Kada uwargida ta ce wannan ba ruwanta. Gida nawa ne yau babu 'ya, ko ƙanwa, ko suruka a jami'a? Kuɗin karatun nan kuwa sau da yawa daga adashi ya fito, da ɗinkin hula, da awakin da aka kai kasuwa ba don ana so ba. Wadda ta sha wannan wahala tana da haƙƙin sanin wane ne zai zaunar da 'yarta ya ce mata bi nan, bar can.

Bari mu fara da tsawon tafiyar. Mai son zama lauya a Nijeriya takan yi shekara biyar a jami'a. Daga nan ta tafi Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko, watau Legas, a 1962, aka mai da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja a 1997, tana kuma da rassa, har da na Bagauda a jihar Kano da na Yola. Can za ta yi shekara guda. In ta ci jarrabawa sai a rantsar da ita, ta sa hular gashi da baƙar riga, a rubuta sunanta a littafin Kotun Ƙoli. Sa'an nan ga shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973. Shekara bakwai ke nan cur, in yajin aiki bai ƙara mata ba. Bayan irin wannan doguwar tafiya, wurin da ta fara sa ƙafa ba abin da za a yanke da garaje ba ne.

To, mene ne dillalin aiki? Kowace matar aure ta san dillaliya. Takan shigo gida da ƙunshinta, ta baje atamfa da kwalla da 'yan kunne, ta faɗi kuɗi. Ta san abin da a ke yayi, ta san gidan da za a yi biki, ta san wadda ta matsu za ta karyar da kayanta. In kina son sanin nawa a ke sayar da tasa a gari yau, babu wanda ya fi ta. Amma babu mai hankalin da za ta tambayi dillaliya, "Shin in sayi wannan zane, ko kuwa in ajiye kuɗin in biya wa yara makaranta?" Kowa ya san amsar da za ta bayar, gama la'adarta cikin ciniki ta ke. In ba a saya ba, ta yi yawon banza. Dillalin aikin lauya, namiji ne ko mace, haka ya ke, sai dai shi kayan da ya ke talla mutane ne. Yawancinsu a Ikko da Abuja da Fatakwal su ke, inda bankuna da kamfanonin mai da na waya da manyan ofisoshin lauyoyi suka taru. Da yawa kuma ta intanet a ke saduwa da su, musamman a LinkedIn.

Abin da ya wajaba ki riƙe tun farko shi ne wanda ke biyan la'ada. Mai ɗaukar ma'aikaci shi ke biya. Ofis ko kamfani ya ce yana son lauya iri kaza, dillali ya nemo, in an ɗauka sai a ba shi wani kaso na albashin shekarar farko. A Ingila da Amurka, inda wannan sana'a ta daɗe, kason yakan kai kashi 20 ko 25 cikin 100. Mu yi ɗan lissafi don misali kawai. A ce la'ada kashi 20 ce. Aikin da albashinsa naira 3,000,000 ne a shekara zai kawo wa dillali naira 600,000. Mai albashin naira 2,000,000 zai kawo masa naira 400,000. In kuwa kika shiga ma'aikatar shari'a ta jiharku, ko kika zauna inda ki ke don ki ƙara koyon aiki, ba shi da ko kwabo. Yanzu in kin tambaye shi wanne ya fi miki cikin ukun nan, wanne ki ke tsammani bakinsa zai fi saurin kamawa?

Akwai kuma wani abu. Bisa al'adar wannan ciniki, in wadda aka ɗauka ta bar aikin cikin 'yan watannin farko, dillali yakan mai da wani abu daga la'adar, ko ya kawo wata a madadinta. In watannin nan sun wuce, kuɗi ya zama nasa. Saboda haka shi idonsa a kan 'yan watanni ya ke, ke kuwa aikin shekara talatin ko fiye ki ke ginawa. Ba lalle ne ya yi miki ƙarya ba. Ko da mutumin kirki ne, iyakar inda ya ke hangowa ke nan.

Kada ki ɗauka ina cewa a guje su. Ko kusa. Dillalin da ya san aikinsa yana da sanin da ba za ki samu a littafi ba. Ya san ofishin da ke neman mutum tun ba a yi shela ba. Ya san albashin da a ke biyan mai shekara biyu da na mai shekara biyar. Ya san ofishin da ma'aikata ba sa daɗewa, don shi a ke aika wa ya nemo waɗansu. Ya san fannin da kasuwarsa ke tashi, ko haraji ne, ko harkar banki, ko wutar lantarki, ko sasanta rigimar 'yan kasuwa a wajen kotu. Ya ga takardun neman aiki ɗaruruwa, ya san wadda a ke karantawa da wadda a ke turewa gefe. Duk wannan labarin kasuwa ne, a wurinsa a ke samu, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Sai dai ki shirya wa abu guda, don kada ranki ya ɓaci. Sau da yawa sabuwar lauya takan rubuta wa dillalai biyar ko goma, ta ji shiru. Sai ta zauna tana kuka, tana cewa ita ce ba ta iya ba. Ba haka ba ne. Ofisoshi ba sa biyan la'ada a kan abin da su ke samu kyauta. Kowace shekara dubban sababbin lauyoyi ke fitowa, takardunsu na zuwa ofis da kansu, ga kuma waɗanda ofishin ya riga ya gwada lokacin da Makarantar Horon Lauyoyi ta tura su koyon aiki, ko lokacin bautar ƙasa. Don me zai biya dillali? A ƙasashen Turawa ma, wanda dillalai suka fi bi shi ne mai shekara biyu zuwa biyar ko shida cikin aiki, wanda ya iya amma bai yi tsada ba tukuna. Saboda haka aikin farko yawanci da ƙafarki za ki neme shi, musamman a garuruwanmu kamar Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, inda sanayya da shaidar manya suka fi takarda tafiya. Zuwa da kai ya fi aike. Amfanin dillali a shekarar farko shi ne ki ji abin da za a nema a wurinki bayan shekara uku, ki fara tanadinsa tun yanzu.

In dillali ya yarda ya ba ki lokaci, kada ki je ki ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shawara." Wannan tambaya ba ta da baki, amsarta ma ba za ta yi baki ba. Ki rubuta tambayoyinki a takarda kafin ki tafi. Ga waɗansu.

Ta farko, ki tambaye shi ko ya taɓa sa wa mai shekaru irin naki aiki, a ina, yaushe. In duk manya ya ke hulɗa da su, kin san nauyin da za ki ba maganarsa.

Ta biyu, ki tambaye shi abin da masu ɗaukar aiki su ke cewa ya rasa a wurin sababbin lauyoyi. Rubutu ne? Iya tsara yarjejeniya ne? Sanin kwamfuta ne? Wannan amsa ita ce ribar zuwanki, don abin da za ki iya gyarawa ne da kanki.

Ta uku, ki miƙa masa takardar tarihin karatunki da aikinki, wadda 'yan boko ke kira si-bi, ki ce ya nuna miki inda ta yi rauni. Kada ki ji haushi in ya soke rabinta.

Ta huɗu, in ya ambaci wani aiki, ki tambayi dalilin da ya sa gurbin ya buɗe. Sabon gurbi ne, ko wata ce ta tafi? In ta tafi, bayan wata nawa? Mutum nawa suka zauna a kujerar nan cikin shekara uku? Ruwa ba ya tsami banza.

Ta biyar, ki tambayi wanda za ki yi aiki a ƙarƙashinsa, da kuma ko yana koyarwa. Akwai ofishin da sabuwar lauya za ta shekara biyu ba ta yi kome ba sai ɗaukar jaka da neman a ɗaga shari'a. Akwai kuma wanda cikin wata shida za a ba ta ƙaramar shari'a ta riƙe da kanta, babba na dubawa. Albashin na farko yana iya fin na biyu, amma bayan shekara biyar kowa zai ga wadda ta ci riba.

Ta shida, ki tambayi sharuɗɗan aiki dalla-dalla: ƙarfe nawa a ke tashi, ana aiki ran Asabar, ana biyan fansho, yaya hutun haihuwa. Kada kunya ta hana ki wannan ta ƙarshe. Dokar Ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, amma ita dokar, inda ta bayyana wane ne ma'aikaci, ta fitar da masu aikin ƙwarewa, aikin lauya kuwa na ƙwarewa ne. Watau abin da aka rubuta a takardar ɗaukarki shi ne madogararki. Haka kuma dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, amma ta wajabta wannan ne a kan wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, ƙananan ofisoshin lauyoyi da yawa kuwa ba su kai haka ba. Duk abin da dillali ya faɗa da baki, ki ce a sa shi a rubuce. Ba a cinikin biri a sama.

Yanzu mu zo ga tambayar da ba ta dillali ba ce, watau wace hanya za ki bi. Aikin lauya hanyoyi ne da yawa, kowace kuma da inda ta ke ɓullewa. Akwai ta ofishin lauyoyi masu zuwa kotu. Akwai ta kamfani ko banki. Akwai ta gwamnati, a ma'aikatar shari'a, ko Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, ko kujerar majistare. Akwai ta koyarwa a jami'a. Dillali hanya biyun farko kaɗai ya ke da ciniki a kai. Aikin gwamnati ta hukumar ɗaukar ma'aikata a ke shiga, na majistare kuwa ta hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, babu la'adar kowa a ciki, don haka da wuya ki ji ya yabe su.

Ga abin da ya sa wannan zaɓi ya ke da nauyi. Ƙa'idojin aikin lauya na 2007 sun ce lauyan da ke karɓar albashi a wurin wani mai aiki, kamar banki ko kamfani, ba zai tsaya a kotu yana kare mai aikin nasa ba, sai fa in lauyan gwamnati ne. An sake fito da ƙa'idojin a 2023, sai ki nemi na yanzu ki karanta wannan wuri da idonki kafin ki sa hannu. Wadda ta shiga banki tun shekarar farko tana iya shekara goma ba ta buɗe baki a gaban alƙali ba. In ba ta da sha'awar kotu, babu laifi ko kaɗan. Aikin kamfani aiki ne mai daraja, albashinsa ba ya yankewa, dokar kamfanoni ta 2020 ma ta sa lauya cikin waɗanda suka cancanci zama sakataren babban kamfani, kujera ce kuwa mai girma. Amma in burinta ta sami lambar babban lauya, wadda a ke kira SAN, to sai ta yi aƙalla shekara 10, ta kuma nuna shari'o'in da ta yi da kanta tun daga Babbar Kotu har Kotun Ƙoli, ban da 'yan kaɗan da a ke ba malaman jami'a. In kuwa alƙalanci ta ke so, Tsarin Mulki na 1999 ya sa shekara 10 ga Babbar Kotu, 12 ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 ga Kotun Ƙoli, masu zaɓe kuma sukan duba irin aikin shari'ar da aka yi cikin shekarun nan. Kin ga ashe albashin da ya fi tsoka yau yana iya rufe ƙofar da ki ke son shiga gobe.

Mu dubi waɗanda suka riga mu. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya. An rantsar da ita a Ingila a 1966, a Nijeriya a 1967. Ta fara ne da ƙaramin matsayi na lauyar gwamnati mai koyo a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa. Daga nan ta zama majistare, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Kano a 1977, ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, ta shiga Kotun Ƙoli a 2005. A 2012 ta zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera, har ta yi ritaya a 2014. Shekara 45 ke nan tsakanin matakin farko da na ƙarshe. Ita kuwa Folake Solanke ta Ibadan hanyar ofishin lauyoyi ta bi, bayan ta taɓa aikin koyarwa, ta zama mace ta farko da ta sami lambar SAN a 1981. Hanya biyu ne dabam, kowace kuwa a hankali aka taka ta. Sannu ba ta hana zuwa.

To, wa za a kai wa wannan babbar tambaya? Waɗanda suka bi hanyar, ba su kuma da riba ko hasara cikin abin da kika zaɓa. Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya tana da rassa a manyan garuruwa, tana da sashen matasan lauyoyi da na mata. Ƙungiyar lauyoyi mata da a ke kira FIDA tana aiki a ƙasar nan tun 1964, ita ma da rassanta a jihohi. Ki riƙa zuwa taronsu. Ki nemi babbar lauya guda mai zuwa kotu, guda mai aikin kamfani, guda ta gwamnati. Ki gaishe su da ladabi, ki ce, "Hajiya, in kin sami sarari ina son ki ba ni minti goma." Ki tambayi kowace yadda ranarta ke tafiya daga safe zuwa dare, da yadda ta haɗa aiki da gida, da abin da za ta sake in da yau ta ke farawa. Ki koma wurin malamanki na jami'a, da lauyan da kika yi koyon aiki a ofishinsa, gama su sun ga hannunki, sun san ko ke mai baki ce a gaban jama'a ko mai alƙalami ce a ɗaki. Da tsohuwar zuma a ke magani. In kin haɗa maganarsu da labarin kasuwa da dillali ya ba ki, sa'an nan ki zauna da iyayenki ko maigidanki ku yanke.

Saura gargaɗi, don a cikin kowace sana'a akwai ɓata-gari.

Kada ki ba kowa kuɗi don ya sama miki aiki, ko ya kira shi kuɗin rajista, ko na fom, ko na horo. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1997, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2023, ta ce kamfanin neman ma'aikata kada ya karɓi kuɗi daga mai neman aiki. A Ingila wata doka ta 1973 ta hana wannan. A nan gida kuma Dokar Ƙwadago ta ce sai da lasin gwamnati a ke wannan sana'a, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke bayarwa. Ki tambayi lasinsa. Na gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya turo miki saƙo ta WhatsApp ya ce ga aiki a kamfanin mai, ki biya kaza kafin gobe, ki san aljihunki ya ke nema.

Kada ki bar takardunki na asali a hannun kowa. Kwafe ya isa, a nuna na asali ranar da aka kira ki, ki komo da abinki.

Kada ki yarda a aika da si-binki ko'ina sai da izninki, ofis bayan ofis, kowanne da sunansa. Dalili biyu ne. In kina aiki a wani wuri, takardar tana iya faɗawa hannun abokin shugaban ofishinku, lauyoyi kuwa duk sun san juna. Sa'an nan in dillali ya riga ya kai sunanki wani ofis, daga baya kika je da kanki, ofishin yana iya ganin la'ada ta hau kansa, sai ya ɗauki wata wadda ba a bin sa kome a kanta. Ki riƙe ɗan littafi, ki rubuta wanda ya kai ki ina da kuma ranar. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana bayanki a kan wannan.

Kada ki yarda a ƙara gishiri cikin takardarki. In ba ki taɓa tsara wata irin yarjejeniya ba, kada a rubuta kin yi. Ran da aka ajiye miki aikin a kan tebur, dillali ba ya nan. Haka kuma kada ki buɗe asirin waɗanda ofishinku ke yi wa shari'a don ki burge shi. Riƙon asiri shi ne jarin lauya, wanda ya ji kin fallasa na wani ya san za ki fallasa nasa.

Ganawa kuwa a ofis a ke yinta, da rana, ko ta waya. Wanda ya ce ki same shi a ɗakin otal ko a gidansa da dare, ki ce kin gode, ki share lambarsa. Duk inda za ki, ki gaya wa na gida wurin da lokacin.

Sai maganar ƙasar waje, wadda ke ruɗin yara da yawa. Rantsuwar da aka yi miki a Abuja ba ta ba ki ikon tsayawa a matsayin lauyar Ingila ba. Tun 2021 suna da wata jarrabawa mai kashi biyu da a ke kira SQE, ita ce ƙofar da lauyoyin waje su ke bi, kuɗinta kuma da fam a ke biya. A Amurka kowace jiha da nata sharuɗɗan. Saboda haka wanda ya ce zai sa ki aikin lauya a Landan wata mai zuwa, ba jarrabawa, ba kome, ki tambaye shi wane irin aiki ne takamaimai, wa zai nema miki iznin zama, sa'an nan ki binciki amsarsa a wurin hukumar lauyoyin can. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ku kuma ƙannena da ke sakandare, masu cewa lauya za ku zama, ga naku. Ƙofar kotu a buɗe ta ke ga jama'a a yawancin shari'o'i. Lokacin hutu ku nemi izni a gida, ku sami babba ya raka ku, ku zauna a bencin baya ku ga yadda a ke yi, gama gani ya kori ji. Ku dage da Turanci da rubutu mai tsabta, ku shiga ƙungiyar muhawara ta makaranta. Stella Thomas, wadda aka rantsar a Landan a 1933, ta kuma zama mace ta farko majistare a Nijeriya a 1943, ba ta sami wata mace a gabanta da za ta tambaya ba. Ku kuna da su a kowace jiha.

Iyayenmu mata, ku ma roƙona gare ku shi ne kada ku matsa wa yarinya ta kama aikin da ya fara zuwa don kawai albashinsa ya fi, ko don maƙwabta suna tambaya. Ku tambaye ta wa ya ba ta shawarar, me kuma shi zai samu in ta bi. In ta iya amsa wannan, ta fara zama lauya ke nan.

Mai wata tambaya a kan wannan sai ta rubuto ta hannun Edita. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke rubuta takardar neman aiki tun daga gaisuwa har sa hannu. Ku huta lafiya.